Shin Komawa Tsohuwar Manhajar Rauta Zai Gyara Matsalar Sauti?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. A ƙaramin ofishinmu muna da rauta guda da ke ɗauke da wayoyin tebur masu aiki da intanet, da kwamfutoci, da wata lasifika da muke tura wa sauti ta Wi-Fi. Tun da rautar ta sabunta manhajarta da kanta abubuwa suka rikice. Idan an kira mu, mai kira yana jinmu amma mu ba ma jinsa, wani lokaci murya tana yankewa, lasifikar kuma takan ɓace daga jerin na'urori. Wani abokina ya ce in mayar da rautar kan tsohuwar manhajarta. Shin hakan zai yi magani, kuma akwai haɗari a ciki?"

Wa alaikumus salam. Abin da kake son sani, idan na fahimce ka, shi ne ko sabuwar manhajar ce ta jawo waɗannan matsaloli, kuma ko cire ta a mayar da ta baya zai dawo da sautin yadda yake. Yana iya dawo da shi, kuma na sha yin hakan a wurin aiki, amma ba shi ne matakin da nake farawa da shi ba. Dalilina shi ne, sau da yawa abin da sabuntawa take sauyawa saiti ne guda ɗaya ko biyu waɗanda za a iya gyarawa ba tare da an taɓa manhajar ba, alhali komawa baya yana sake buɗe ɓarakar tsaron da kamfani ya riga ya toshe.

Manhajar da muke magana a kanta ita ce wadda ke zaune a ma'adanar cikin rautar, wato na'urar da ke raba intanet ga wayoyi da kwamfutoci, kuma ita ce ke gudanar da komai: ita ke sarrafa rediyon Wi-Fi, ita ke raba adireshi ga na'urori, ita ke yanke hukuncin ƙunshin bayanan da zai wuce da wanda za a tare. Saitunan da ka zaɓa, kamar sunan Wi-Fi da kalmar sirri, suna ajiye ne a wani sashe dabam na ma'adanar, kuma galibi sabuntawa ba ta goge su. Ka riƙe wannan bambanci, domin a kansa rabin amsar ta rataya.

Me ya sa sauti ne ke fara nuna matsala?

Shafin intanet yana da haƙuri. Idan ƙunshin bayani ya ɓace a hanya, za a sake aiko shi, kai kuma ba za ka lura ba. Murya ba ta da wannan dama. A yawancin wayoyin intanet ana yanka magana gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa milisakan 20, wato ƙunshi 50 a kowane sakan, kuma wanda ya makara an yar da shi ke nan, domin ba shi da amfani bayan kalmar ta wuce. Ƙa'idar G.114 ta Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta nuna cewa jinkirin da bai wuce milisakan 150 ba daga mai magana zuwa mai sauraro shi ne ba ya damun hira. Faɗin layin da kira ɗaya yake buƙata kuwa kaɗan ne ƙwarai, bai kai kilobit 100 a sakan ba ko da tsohon tsarin G.711 ne. Saboda haka mutum yana iya samun intanet mai gudu sosai amma muryarsa tana kakkaryewa, domin abin da murya ke nema shi ne ƙunshin su riƙa isowa a jere, a kan lokaci.

Alamomi uku ka ambata, kuma a ganina ba tushe ɗaya suka fito ba, ko da yake rana ɗaya suka bayyana.

Jin murya ta ɓangare ɗaya ita ce mafi sauƙin ganewa. Wayoyin tebur suna ƙulla kira da tsarin SIP, galibi ta ƙofa mai lamba 5060 (ƙofa a nan ita ce lambar da ke nuna sashen na'urar da saƙo zai shiga), amma muryar kanta wata hanya dabam take bi, ta tsarin RTP. A cikin saƙon ƙulla kiran ne wayar take gaya wa ɗaya ɓangaren adireshin da zai aiko mata da murya. Matsalar ita ce wayarka adireshin cikin gida take da shi, irin 192.168.1.20, wanda ba shi da ma'ana ga kowa a waje. Domin magance wannan, masu ƙera rauta suka sa wani mataimaki mai suna SIP ALG, wanda ke buɗe saƙon ya maye adireshin ciki da na waje. To amma kamfanonin da ke sayar da layin waya ta intanet sun daɗe da samo tasu hanyar gano adireshin gaskiya, don haka idan rautar ta sa hannu ita ma, sai a yi gyaran gangar auzinawa: a sauya adireshi a wani layi a bar shi a wani, ko a rubuta lambar ƙofar da ba a buɗe ba. Muryarka tana fita lafiya domin rauta ba ta tare mai fita, ta mai kira kuma tana tafiya inda ba kowa. Wata alamar da ke rakiyar wannan ita ce kira ya yanke bayan kimanin sakan 32, domin ƙa'idar SIP ta ce idan saƙon tabbatar da amsa kira bai iso ba a wannan tsawon lokaci, a ajiye waya.

Sabuntawa takan kunna SIP ALG bayan an daɗe da kashe shi, ko ta sauya yadda yake aiki. A rautocin ASUS yana ƙarƙashin NAT Passthrough da sunan SIP Passthrough, a na Netgear yana shafin WAN Setup, a na TP-Link kuma yana sashen ALG. Ka kashe shi, ka sake tayar da rautar, sannan ka sake tayar da wayoyin domin su yi sabuwar rajista. Akwai gwaji mai sauƙi kafin ma ka shiga saiti: ka yi kira da WhatsApp ko Zoom a kan wannan rautar. Waɗannan suna ɓoye saƙonninsu ta yadda ALG ba ya iya karanta su, don haka idan su suna tafiya sumul amma wayar tebur ce kaɗai ke da matsala, zargi ya fi karkata gare shi. Kashe shi ma yana da amfani ta fuskar tsaro, domin a 2020 mai bincike Samy Kamkar ya nuna yadda za a yaudari ALG ya buɗe ƙofa zuwa cikin gida daga shafin intanet kawai.

Akwai ɗan'uwan wannan matsala da ya kamata ka duba tun da kana wurin, wato tsawon lokacin da rauta ke barin ƙofar UDP, tsarin aika bayanai da wayoyin suka fi amfani da shi, a buɗe idan ba a yi amfani da ita ba. Ƙa'idar RFC 4787 ta 2007 ta ce kada ya gaza minti biyu, amma ba kowace rauta ce ke bin wannan ba. Idan ƙofar ta rufe kafin wayar ta sabunta rajistarta, kira zai shigo wayar ba ta yi ƙara ba. Maganinsa a kan wayar yake: a rage tazarar rajista ko a kunna saƙon da ke riƙe ƙofar a buɗe.

Yankewar murya kuma wata aba ce dabam, kuma a nan ne sai an yi ɗan aiki. Tambaya ta farko ita ce ko wayoyin da kebul suke haɗe ko da Wi-Fi. Idan da kebul ne kuma murya tana yankewa, to rediyo ba shi da laifi, sai a duba cunkoson layin da ke fita waje. Ka buɗe kwamfuta ka aika ping, wato ɗan saƙon gwaji da ke auna lokacin da amsa ke ɗauka kafin ta dawo, zuwa adireshin 1.1.1.1 ko 8.8.8.8 ka ga lambobin, sannan ka fara ɗora babban fayil zuwa intanet kana kallo. Idan jinkirin ya tashi daga milisakan 30 ko 40 zuwa ɗaruruwa, rautar tana tara ƙunshin bayanai a dogon layi, muryar kuma tana jira a bayansu. Tsarin QoS, wanda ke tsara bayanan da za su fara wucewa, shi ne ya kamata ya hana wannan, kuma sabuntawa takan mayar da shi sifili, ko ta bar shi da tsohon adadin gudun layi wanda bai dace da na yanzu ba. Ka saka adadin da ya ɗan gaza ainihin gudun layinka, kamar kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari, domin layin jiran ya kasance a cikin rautarka inda take da ikon tsara shi.

Idan kuwa ta Wi-Fi ne, sai ka aika ping zuwa adireshin rautar kanta. Ya kamata amsa ta riƙa dawowa cikin 'yan milisakan kaɗan. Idan tana tsalle ko tana ɓacewa, ga wuraren da sabuwar manhaja ta fi taɓawa. Akwai haɗe zangon 2.4 GHz da na 5 GHz a ƙarƙashin suna ɗaya, inda rautar ke tura na'ura daga wannan zuwa wancan a tsakiyar kira. Akwai zaɓen tasha da kanta, wanda kan kai ta tashoshin 52 zuwa 144 na zangon 5 GHz, inda doka ta tilasta mata ta tashi nan take idan ta ji alamar rada, kuma kafin ta fara aiki a irin wannan tasha sai ta saurara na aƙalla minti ɗaya. Akwai kuma WMM, wanda ke ba murya fifiko a iska; ka tabbata yana kunne, domin kashe shi yakan mayar da gudun Wi-Fi zuwa megabit 54. Ni dai nakan raba zangon biyu da sunaye dabam, in kafe na 2.4 GHz a tasha 1, 6 ko 11, na 5 GHz kuma a ɗaya daga 36 zuwa 48. Kada a manta cewa Bluetooth ma a zangon 2.4 GHz yake aiki, kuma na'urar ajiya ta USB 3.0 da aka soka a jikin rauta tana iya dagula wannan zangon, saboda haka wani lokaci abin da ke yanke murya yana kan tebur ne.

Ɓacewar lasifika ita ce ta uku. Na'urorin da ke amfani da AirPlay da Chromecast, wato tsarin tura sauti ta Wi-Fi na Apple da na Google, suna sanar da kansu ta hanyar saƙon da ake watsa wa kowa a lokaci ɗaya, mai suna mDNS, a ƙofa ta 5353. Idan rautar ta daina isar da irin wannan saƙo tsakanin zangon biyu, ko tsakanin kebul da Wi-Fi, lasifikar tana nan a haɗe amma wayarka ba ta ganinta. Saitunan da ke da hannu a nan su ne IGMP Snooping, wanda ke tace saƙonnin da ake watsa wa na'urori da yawa, da kuma wanda ke killace na'urori daga juna, wato AP Isolation, wanda dole ya kasance a kashe. Sannan tun da aka fito da WPA3 a 2018, wasu sabuntawa suna mayar da tsaron Wi-Fi zuwa haɗin WPA2 da WPA3, kuma tsofaffin lasifikoki da yawa ba sa jituwa da wannan haɗi. Mayar da shi WPA2 zalla yakan dawo da su.

Matakin da aka fi tsallakewa

Kafin ka sauke tsohuwar manhaja, ka mayar da rautar saitin masana'anta a kan sabuwar manhajar da take kai yanzu, ka sake saita ta da hannu. Na ce a baya sabuntawa ba ta goge tsofaffin saituna, kuma wani lokaci sabuwar manhaja tana karanta su ta wata fuska dabam, ko ta tarar da gurbin da ba ta san shi ba. An taɓa kirana wani ofishi da wayoyinsu ke yankewa bayan sabuntawa, sun riga sun sauke tsohon fayil suna jira in ɗora. Na roƙe su mu fara da gogewa, kuma da muka sake shigar da saitunan da hannu matsalar ba ta dawo ba. Wannan ne ya sa nake ɗari-ɗari da shaidar masu cewa komawa baya ya warkar da rautarsu: kusan dukansu sun goge saituna a lokacin da suka koma, abu biyu ke nan suka sauya tare, kuma ba wanda zai iya cewa wanne ne ya yi aikin.

Duk da haka akwai lokacin da laifin na manhajar ne da gaske. Sashen manhajar da ke sarrafa rediyo yakan zo da kuskure, haka ma sashen da ke hanzarta wucewar bayanai ta cikin guntun rautar, kuma akwai manhajar da za ka kashe ALG a shafinta amma ya ci gaba da aiki a ɓoye. Idan ka goge, ka gyara saitunan da na ambata ɗaya bayan ɗaya, matsalar tana nan, kuma wata rauta da ka ara ta yi aiki lafiya a kan layin nan da wayoyin nan, to komawa baya ya zama mataki mai hujja.

Yadda ake komawa ba tare da an kashe rautar ba

Ka fara da takardar da ke manne a ƙarƙashin rautar. Lambar samfuri kaɗai ba ta isa ba, domin kamfani yakan fitar da samfuri ɗaya da kayan ciki dabam-dabam, a rubuta V1 ko V2 ko makamancin haka, sannan akwai bambancin yanki kamar na Turai da na Amurka. Fayil ɗin da bai dace da zubin na'urarka ba yana iya hana ta tashi gaba ɗaya. Daga shafin kamfanin da ya ƙera ta kaɗai za ka sauke, kuma idan sun buga lambar tantancewa ta SHA-256 ko MD5 ka gwada ta da fayil ɗin. Ka karanta bayanin da ke tare da kowace siga, domin a nan ake rubuta gargaɗin cewa wadda aka ɗora ba ta yarda a koma ƙasa da ita, kuma a nan za ka ga irin ɓarakar da za ka sake buɗewa. Taki ɗaya za ka ja da baya, zuwa sigar ƙarshe da ka san tana aiki, ba zuwa ta shekarun baya ba.

Ka ɗauki hoton kowane shafin saiti, musamman suna da kalmar sirrin da kamfanin intanet ya ba ka idan layinka na PPPoE ne, domin bayan gogewa ba za ka iya shiga intanet ka nemo su ba. Ka haɗa kwamfuta da rautar ta kebul, ka tabbata wutar da take kai ba za ta ɗauke ba, ka ɗora fayil ɗin ta shafin sabunta manhaja, sannan ka ƙyale ta har ta gama ta tashi da kanta ko da ta ɗauki mintuna. Katsewar wuta a tsakiyar rubutu ita ce babbar hanyar da rauta ke mutuwa. Bayan ta tashi ka sake mayar da ita saitin masana'anta, kuma kada ka ɗora fayil ɗin ajiyar saituna da ka ɗauka a kan sabuwar manhaja, domin zai dawo da abin da kake gudu. A ƙarshe ka kashe sabuntawa ta kai tsaye, in ba haka ba cikin dare za ta koma inda ta fito.

Kamfanoni sun bambanta a wannan fage. Yawancin rautocin Linksys na zamani suna riƙe da manhaja biyu a ciki, kuma akwai maɓallin komawa ta baya a shafin Troubleshooting. ASUS tana da yanayin ceto da manhajar kwamfuta mai suna Firmware Restoration, Netgear kuma ana farfaɗo da ita ta TFTP, wata hanyar tura mata fayil daga kwamfuta, idan ta ƙi tashi. MikroTik tana da umarnin komawa baya, amma ba ta sauka ƙasa da sigar da na'urar ta fito da ita daga masana'anta. Masu rautar AirPort na Apple, wanda kamfanin ya daina ƙerawa a 2018, suna iya danne maɓallin Option a AirPort Utility su zaɓi tsohuwar siga, sai dai mai AirPort Express ya sani cewa siga ta 7.8 ce ta kawo AirPlay 2, kuma sauka ƙasa da ita zai raba shi da wannan. Su kuwa eero da Google Nest Wifi ba sa ba mai su damar komawa baya, haka ma yawancin rautocin da kamfanin intanet ya bayar, domin shi ke tura musu manhaja daga nesa. A irin wannan hali sai dai ka kai ƙara ga kamfanin, ko ka mayar da tasu gada kawai, wato ta riƙa wuce da intanet ba tare da ta sarrafa shi ba, ka sa taka rautar a bayanta.

Haɗarin da ka tambaya

Haɗari iri biyu ne. Na mutuwar na'ura ƙarami ne idan an bi matakan da ke sama. Na tsaro shi ne wanda ba a gani. Rauta ita ce ke fuskantar intanet dare da rana, kuma masu kutse suna bin sanannun ɓaraka ne da manhajojin da ke laluben adireshi ba tare da sun san ko kai wane ne ba. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta tara dubban ɗaruruwan na'urori ta hanyar kalmomin sirrin da aka bari yadda suka zo daga kamfani. A 2018 masu binciken Cisco Talos suka bayyana wata muguwar manhajar mai suna VPNFilter, wadda ta kama aƙalla na'urori 500,000 a ƙasashe 54. Mathy Vanhoef ya fallasa raunin KRACK a tsarin WPA2 a 2017, sannan FragAttacks a 2021, kuma ta hanyar sabunta manhaja aka toshe su. Ofishin da ke da wayoyin intanet yana da ƙarin abin tsoro, domin wanda ya sami bayanan layin zai iya yin kiran ƙasashen waje da kuɗinku.

Saboda haka idan ka koma, ka ɗauke shi zaman wucin gadi. Ka kashe damar sarrafa rautar daga waje, ka kashe WPS, wato haɗa na'ura da Wi-Fi ta danna maɓalli ko lambar PIN, ka kashe UPnP, wanda ke barin na'urori su buɗe wa kansu ƙofa, idan ba abin da ke buƙatarsa, ka sauya kalmar sirrin shiga shafin saiti. Ka rubuta wa kamfanin rahoto mai ɗauke da lambar sigar da ke aiki da wadda ba ta aiki da alamomin da ka gani, domin da irin wannan rahoto suke gano kuskure, sannan ka riƙa gwada kowace sabuwar siga a ranar da ba a aiki. Idan bayanin sabuwar sigar da kake son bari ya nuna ta toshe ɓarakar da ke ba da damar shiga daga nesa ba tare da kalmar sirri ba, ni ba zan koma ba ko kaɗan. Gara a sauya rautar, ko a ɗora mata OpenWrt, wani tsarin manhajar rauta da ke maye gurbin na kamfani, idan tana cikin jerin na'urorin da yake ɗauka, domin ba ya zuwa da SIP ALG a kunne kuma ana iya sa masa tsarin SQM da ke magance dogon layin jira.

Ba ka faɗi samfurin rautarka ba, kuma abin da ake hange daga nesa bai kai abin da gwaji zai nuna a wurin ba. Akwai ma yiwuwar sabuntawar ta zo ne rana ɗaya da wani sauyi daga kamfanin intanet ko na layin waya, wanda komawa baya ba zai taɓa shi ba. Amma bisa alamomin da ka zayyana, zan fara da kashe SIP ALG, in bi da raba zangon Wi-Fi da duba WPA2 saboda lasifikar, in auna ping kafin da bayan kowane sauyi, sannan in goge saituna. Idan ka sake rubutowa, ka haɗo da lambar samfuri da zubinta, da lambobin sigar biyu, da sakamakon ping ɗin a lokacin da layi ke hutawa da lokacin da ake ɗora fayil.